Daga Wayar Tarho Zuwa Intanet: Tarihin Jigilar Murya a Gidajen Rediyon Abuja

Duk muryar da ta fito daga akwatin rediyo zango biyu take ci kafin ta isa kunne. Na farko daga bakin mai magana zuwa ɗakin watsa shirye-shirye, na biyu daga ɗakin zuwa ga mai sauraro. Kula da waɗannan zanguna sana'a ce mai zaman kanta, ta injiniyoyin sauti, waɗanda ba a cika jin sunansu ba sai dai a ƙarshen shiri. A Abuja wannan sana'a tana da nauyi na musamman, domin a nan fadar shugaban ƙasa take, da Majalisar Dokoki, da hedikwatar Rediyon Najeriya, da ofisoshin kafofin waje masu sashen Hausa. Kowace hanya da aka taɓa bi wajen jigilar murya ta zo da irin cikas ɗinta, kuma tarihin sana'ar tarihi ne na yadda aka riƙa shawo kan waɗannan matsaloli ɗaya bayan ɗaya.

Zamanin waya da gajeren zango

Rediyo ya shigo Najeriya a watan Disamba na 1932, lokacin da aka fara kama shirye-shiryen BBC a Legas. Daga 1935 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa tsarin rarraba shirye-shirye ta waya: a kama tashar Landan a wuri guda, a ja waya zuwa akwatunan da aka kafa a gidajen masu biyan kuɗi da wuraren taruwar jama'a. Tsarin ya iso Kano a 1944. Matsalar wancan zamani a fili take: waya ta tsinke, akwati ya yi shiru, a tura ma'aikaci ya bi layi ya gano inda ta katse.

Bayan haka aka kafa manyan na'urorin watsawa. Gidan rediyon ƙasa ya zama hukuma a 1957, shekarar da BBC ta buɗe Sashen Hausa ranar 13 ga Maris da muryar Aminu Abdullahi Malumfashi. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna. Sashen Hausa na Muryar Jamus da na Rediyon Sin sun fara a 1963, na Muryar Amurka kuma a 1979. Kusan dukkansu a gajeren zango ake kama su. Igiyar gajeren zango takan tashi sama ta daki wani sashe na sararin samaniya ta dawo ƙasa a nesa, shi ya sa take ƙetare hamada da teku. Sai dai yanayin wannan sashe yana canzawa tsakanin rana da dare, don haka murya takan yi ƙarfi ta dushe, shuu ya rufe ta, sannan ta dawo. Mai sauraro ya koyi dabarunsa: ya miƙe eriya, ya juya akwati, ya bar mita 16 ko 19 na rana ya koma mita 41 ko 49 idan dare ya yi. Gidajen rediyo kuma suka matso da na'urorinsu kusa, kamar tashar da BBC ta buɗe a tsibirin Ascension a 1966 don Afirka ta Yamma da wasu yankuna. Abin lura shi ne wannan hanya ba ta da jinkirin da kunne zai gane. Murya tana iya dushewa, amma ba ta makara.

Zango na farko kuwa, wato daga fili zuwa situdiyo, a kan kaset da wayar tarho ya dogara. Layin tarho yana ɗaukar sauti ne daga haz 300 zuwa 3,400 kawai, alhali kunnen matashi yana jin har kusan 20,000. Shi ya sa muryar tarho take fita a shaƙe, har ya zama da wuya a bambance “s” da “f”. Wakilai sun daɗe suna yin wata dabara: su kwance murfin bakin tarho, su maƙala wayoyi biyu daga rakoda, su kunna kaset, don muryar wanda aka yi hira da shi ta shiga layi ba tare da hayaniyar ɗaki ba. Duk da ƙarancinsa, layin tarho yana da wata falala da ba a san darajarta ba sai daga baya. Da zarar ya shiga, hanyar ta zama ta mai kira shi kaɗai har ya ajiye kan waya.

Sabon birni da tauraron ɗan'adam

An ƙirƙiri Babban Birnin Tarayya da dokar soja mai lamba 6 ta watan Fabrairun 1976, gwamnati kuma ta tare a hukumance ranar 12 ga Disamba, 1991. Rediyon Najeriya, wanda aka sake wa fasali a 1978, ya dawo da hedikwatarsa Radio House da ke Area 10 a Garki, inda ake haɗa tashoshin jihohi su ɗauki labaran ƙasa da ƙarfe 7 na safe da 4 na yamma. Dokar soja mai lamba 38 ta 1992 ta kafa hukumar kula da kafofin watsa labarai, NBC, ta kuma buɗe ƙofa ga ’yan kasuwa. Birnin ya cika da tashoshin FM sannu a hankali, irin su Aso Radio, Kapital FM, Vision FM da Human Rights Radio.

Labarai sun dawo Abuja, amma hanyoyin sadarwa ba su biyo su da sauri ba. Kamfanin NITEL, wanda aka kafa a 1985, kusan shi kaɗai ke da layukan tarho, kuma har zuwa shekarar 2000 layukan da ke aiki a faɗin ƙasar ba su kai rabin miliyan ba. A Turai a lokacin gidajen rediyo sun koma layin ISDN, mai ɗaukar kilobit 64 a sakan a kowace hanya, wanda ke fitar da murya tamkar mai magana yana cikin situdiyo. Wannan layi bai yaɗu a Najeriya ba. Wanda ke son murya mai kyau sai ya ɗaga kai sama.

Najeriya ta shiga sadarwar tauraron ɗan'adam tun farkon shekarun 1970 da tashar Lanlate, daga baya kuma ta mallaki nata: an harba NigComSat-1 a 2007, ya lalace a 2008, aka maye gurbinsa da NigComSat-1R a Disambar 2011, wanda ake sarrafawa daga Abuja. Kafofin waje sun riƙa ba wakilansu ƙananan na'urorin Inmarsat masu kama da jakar hannu, a buɗe murfin a fuskantar da shi sama. A nan ne sana'ar ta fara sanin jinkiri. Irin wannan tauraro yana tsaye ne a nisan kilomita 35,786 daga doron ƙasa. Ko da gudun haske, hawa da sauka na cin kusan rubu'in sakan, tambaya da amsarta kuma rabin sakan, ban da lokacin da na'urori ke ci. Daga nan aka saba da ɗan shirun da ke biyo bayan tambayar mai gabatarwa, da yadda su biyun kan yi karo idan kowa ya ɗauka ɗan'uwansa ya gama. Da damina kuma ruwan sama mai ƙarfi yakan raunana wasu zangunan tauraron har layi ya ɗauke.

Salula da wayoyin ƙarƙashin teku

A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja, kowane a kan dala miliyan 285. Econet da MTN suka fara aiki a watan Agusta, Glo ya biyo baya a 2003. Salula ta sauya aikin jarida da shirye-shiryen kiran waya gaba ɗaya, domin yanzu ana iya jin ɗan kasuwa daga Wuse ko manomi daga Kwali kai-tsaye. Ingancin muryar dai bai wuce na tarho ba, don ana matse ta ne zuwa kilobit 13 a sakan ko ƙasa da haka.

Intanet mai ƙarfi ya jira wayoyin ƙarƙashin teku. SAT-3 ta fara aiki a farkon shekarun 2000, MainOne da Glo-1 a 2010, WACS da ACE a 2012, Equiano ta kamfanin Google kuma ta iso a 2022. Dukkansu a gaɓar Legas suka sauka, sannan wayoyin fayiba suka ɗauko daga can zuwa Abuja, tafiyar da ta haura kilomita 700. An ba da lasisin 3G a 2007, 4G ta bazu daga 2016, aka yi gwanjon 5G a Disambar 2021. Da wannan, jigilar murya ta yi arha ƙwarai. Kafofin waje ma sun sami sabuwar ƙofa, domin tun 2004 NBC ta hana tashoshin cikin gida ɗaukar labaransu kai-tsaye, abin da ya bar su a gajeren zango har intanet ya kawo su cikin wayar hannu.

Yadda murya ke tafiya a intanet

Intanet ba ya keɓe wa kowa hanya. Na'urar da ake kira kodek takan yanka murya gunduwa-gunduwa, galibi kowace milisakan 20, wato kashi 20 cikin dubu na sakan, ta matse, ta sa kowace a fakiti mai ɗauke da lamba da lokaci. Fakiti 50 ke nan a kowane sakan. Ƙa'idar da ake bi wajen yi musu lamba, RTP, ta fito a 1996. Fakitocin suna shiga hanya ɗaya da na masu kallon bidiyo da masu tura hotuna, suna bin layi a kowace mahaɗa.

Matsala uku ke fitowa daga nan. Ta farko jinkiri. Haske a cikin fayiba yana gudun kimanin kilomita 200,000 a sakan, don haka wayar Glo-1 mai tsawon kilomita 9,800 daga Legas zuwa Ingila tana cin kusan milisakan 50, Abuja zuwa Legas kuma ƙasa da 5. Sauran jinkirin na jira ne a mahaɗu da turakun salula da cikin na'urori. Ta biyu rashin daidaiton isowa: fakitocin da suka tashi a jere, tazararsu ɗaya, sai su iso wani da wuri, wani a makare, wani ma ya riga na gabansa. Ta uku ɓacewa. Idan mahaɗa ta cika takan zubar da abin da ya yi mata yawa, fakitin da ya makara fiye da kima kuma daidai yake da wanda ya ɓata. Mai sauraro yana jin wannan a matsayin tsinkewar kalma ko muryar da ta koma kamar ta ƙarfe.

Akwai hanyoyi biyu na aikawa. TCP, wadda shafukan intanet ke bi, ba ta barin komai ya ɓata. Tana tsayawa ta sake nema, na baya duk su jira. UDP kuwa tana turawa ne ba waiwaye. Hira kai-tsaye ba ta jure tsayawa, don haka UDP ake zaɓa, sannan a nemi wasu dabaru na cike giɓi.

Saitin na'ura

Babbar dabara ita ce ma'ajin jira, wanda injiniyoyi ke kira bafa. Aikinsa irin na tankin ruwa ne a gidajen Kubwa ko Lugbe: ruwan famfo yana zuwa yana ɗaukewa, amma wanda ke cikin gida yana samun nasa ba yankewa muddin tanki bai ƙafe ba. Na'urar da ke karɓa takan tara fakitoci na wani ɗan lokaci, ta jera su bisa lamba, sannan ta fara fitar da murya. Idan an faɗaɗa ma'ajin, tsinkewa ta ragu, jinkiri ya ƙaru. Idan an ƙuntata shi, amsa ta zo da sauri, kalmomi su fara zubewa. Duk sauran saiti a kan wannan ciniki yake tafiya.

Irin shirin ne ke yanke hukunci. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, a ƙa'idarta ta G.114, ta nuna cewa hira tana tafiya daidai idan jinkirin tafiya ɗaya bai wuce milisakan 150 ba, kuma idan ya haura 400 ta fara gagara. Saboda haka wakilin da ke harabar Majalisa yana amsa tambayoyin situdiyo ana ba shi ƙaramin ma'aji. Tafsirin azumi daga Masallacin Ƙasa, ko jawabin rantsuwa daga Dandalin Eagle, ko sanar da sakamakon zaɓe daga Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa, magana ce mai tafiya gefe guda. Ba wanda zai cutu idan ta makara da sakan biyu ko uku, amma tsinkewar aya ko ɓacewar adadin ƙuri'u babban aibi ne. A nan ana buɗe ma'ajin sosai. Na'urorin zamani suna iya faɗaɗa shi da ƙuntata shi da kansu, injiniya ya sa musu iyaka ta sama da ta ƙasa.

Na biyu shi ne girman fakiti da nauyin sauti. Kowane fakiti yana ɗauke da bayit 40 na adireshi da lamba, don haka fakiti 50 a sakan suna cin kilobit 16 tun kafin a lissafa muryar kanta. Manyan fakitoci suna rage wannan asara, sai dai ɓacewar guda ɗaya takan tafi da gaɓar kalma sukutum. Kodek ɗin Opus, wanda aka tabbatar da ƙa'idarsa a 2012, yana aiki daga kilobit 6 zuwa 510 a sakan, kuma magana tana fita sarai a kilobit 32 zuwa 64. Kuskuren da sabon shiga ke yi shi ne ya ɗaga nauyin don neman inganci. Gogagge yakan sauke shi ƙasa da abin da layi zai iya ɗauka, domin cusa wa cunkusasshiyar hanya kaya shi ke ƙara zubar da fakitoci.

Na uku shi ne maganin ɓacewa, kuma iri huɗu ne. Akwai ɓoye giɓi, inda na'ura ke ƙirƙiro ɗan sauti daga wanda ya gabata. Yana rufe fakiti ɗaya ko biyu ba a ji ba. Akwai riga-kafi, inda kowane fakiti ke goye da ƙaramin kwafin wanda ya gabace shi, ta yadda idan na 7 ya ɓata za a ciro shi daga cikin na 8. Kuɗinsa ƙarin data da ƙarin jira kaɗan. Akwai sake aikawa, kamar a tsarin SRT da kamfanin Haivision ya saki ga kowa a 2017, wanda ke buƙatar ma'ajin da ya ninka lokacin zuwa da dawowa, galibi sau huɗu. Sannan akwai raba ƙafa: a tura murya ɗaya ta layuka biyu na kamfanoni daban-daban, na'urar karɓa ta ɗauki duk wanda ya riga isowa. Wannan na ƙarshe ya fi dacewa da yanayin Najeriya, domin a layin salula fakitoci sukan ɓace ne a jere, da yawa lokaci guda, abin da riga-kafi ba ya iya warkarwa. A babban taro, inda dubban wayoyi ke rataye a turke ɗaya, layin da aka gwada lafiya da safe yakan durƙushe da hantsi. Shi ya sa injiniya ke zuwa da layin waya fiye da ɗaya, ya fifita haɗi ta kebul a kan Wi-Fi idan akwai, ya kuma ajiye kiran salula na yau da kullum a gefe don ko-ta-kwana.

Akwai kuma saitin abin da ake mayar wa wakili a kunne. Idan aka tura masa duk abin da ke fita daga situdiyo, zai ji muryarsa tana dawo masa bayan rabin sakan, harshensa ya sarƙe. Don haka ake haɗa masa sauti na musamman, mai ɗauke da komai ban da muryarsa. Wannan dalili ne ya sa masu gabatar da shirin kiran waya ba sa gajiya da cewa, “Malam, don Allah rage sautin rediyonka.”

Gidajen da ke da hali suna sayen na'urorin kamfanoni irin su Comrex na Amurka da Tieline na Ostireliya, waɗanda ke iya magana da juna bisa ƙa'idar da Ƙungiyar Kafofin Watsa Labaran Turai ta tsara. Masu ƙaramin ƙarfi suna amfani da manhajoji a kwamfuta da waya. Dabara mafi arha kuma ita ce kauce wa kai-tsaye gaba ɗaya: a tura tambayoyi, wakili ko baƙo ya naɗi amsa ya aiko ta WhatsApp, wanda ya fara saƙon murya a 2013. Saƙon yana iya daɗewa a hanya, amma yana isowa cikakke.

Zangon mai sauraro

Watsa sauti ga jama'a ta intanet ya fara da RealAudio a 1995, SHOUTcast ta biyo a 1998, Icecast a 1999, tsarin HLS na Apple a 2009, sannan Facebook ya buɗe watsa kai-tsaye ga kowa a 2016. A wannan zango ba a hira, don haka TCP ake bi da babban ma'aji. Mai sauraro a intanet yakan kasance bayan mai sauraron FM da sakan goma zuwa talatin ko fiye, har sanarwar “ƙarfe bakwai daidai” ta iske agogonsa ya wuce. Abin da injiniya ke aunawa a nan shi ne aljihun jama'a. Sautin kilobit 128 yana cin kusan megabayit 58 a awa, na kilobit 32 kuwa kusan 14. Tashar da ke son a ji ta a ƙauyukan Abaji da zangon Kumasi da unguwannin Hausawa a Jidda takan zaɓi mara nauyi, ko ta ajiye biyu mai sauraro ya zaɓa.

Daga 2020 zuwa yau

Kullen korona, wanda ya fara a Abuja ranar 30 ga Maris, 2020, ya tura masu gabatarwa da baƙinsu gida, azumin shekarar kuma ya zo ana hana taruwa, tafsirai da yawa suka koma rediyo da Facebook. Abin da a da injiniya kaɗai ya sani ya zama dole ga ɗan jarida da almajirin da ke riƙe wa malami waya. A farkon 2023 Starlink ya fara aiki a Najeriya, da taurari a nisan kimanin kilomita 550, waɗanda jinkirinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na tsofaffin ba, ya zama ƙarin hanya ga masu raba ƙafa.

Raunin hanyar dai bai kau ba. Ranar 14 ga Maris, 2024, wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a lokaci guda a yankin gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya raunana a Afirka ta Yamma kwanaki da dama. A cikin gida, aikin hanya da ɓarayi suna yawan tsinka fayiba, abin da ya sa gwamnati ta ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa a 2024. Cibiyar musayar intanet ta IXPN, wadda aka kafa a 2006 kuma take da reshe a Abuja, tana taimakawa wajen hana fakitin da zai je Garki daga Maitama zagayawa ta Turai. Ɗaukewar lantarki ma tana cikin lissafi, domin ’yan sakannin da ake ɗauka kafin janareta ya tashi sun isa su katse shiri idan babu batir a tsakani.

Saboda haka injiniyan sauti na yau yana aiki da hanyoyi da yawa a lokaci guda: fayiba ga situdiyo, salula ga wakilai, tauraro ga wurare masu nisa da ranar larura, FM da gajeren zango ga wanda ba shi da data. Kafin kowane shiri yana auna jinkirin layi da yawan fakitocin da ke ɓacewa, ya duba ko hira za a yi ko jawabi, sannan ya yanke yawan lokacin da zai sadaukar don murya ta isa cikakkiya.